Yoyon Baƙin Mai a Tsohuwar Mota: Yadda Muka Gano Inda Yake Fitowa Ba a Sauke Giya Ba

Yau ba maganar waya za mu yi ba, kodayake waya za ta shigo cikin zancen a can gaba. Maganar tsohuwar mota ce mai zubar da baƙin mai. Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da injin mota. To ni dai ba bakanike ba ne, kuma ba ni na kwance injin da zan ba ku labarinsa ba. Abin da na yi shi ne neman inda matsalar take, wannan ɓangaren kuwa kusan duk ɗaya ne da aikin da muke yi kullum a kan tebur. A kawo maka wayar da ba ta caji, wani ya ce batir ne, wani ya ce wajen caji ne, wani ma ya ce a canja fanel gaba ɗaya. Ka sa mita ka bi layi, sai ka tarar ɗan kafasita ne da bai kai ƙwayar gero ba ya yi shot.

Motar ta yayana ce, Camry ƙirar 1998, wadda dillalai ke ce wa fensir saboda siraran fitilunta. Injinta mai fulogi huɗu ne, lita 2.2, a takarda sunansa 5S-FE. Da ita yake lodin fasinja Kano zuwa Katsina, kusan kilomita 170, ya je ya dawo a wuni. Da ita ake cefane a gidansa, da ita ake biyan kuɗin makarantar yara uku.

Ta daɗe tana ɗan gumin mai, irin na kowace tsohuwar mota, ba wanda ya damu. Sai abin ya wuce gumi. Duk sawu ɗaya, zuwa da dawowa, sai ya ƙara lita guda. Ku duba fa, man da injin nan yake ci gaba ɗaya har da na cikin filta bai cika lita 4 ba. Ke nan duk kwana huɗu yana tsiyayar da man inji guda a kan kwalta. Ribar sawu tana tafiya wajen mai sayar da baƙin mai. Wannan ma da sauƙi a kan fargabar da yake ciki, don ranar da ya manta bai duba ba, ko yoyon ya ƙaru a hanya, inji ne zai buga masa tsakanin Tsanyawa da Kankiya da fasinja cike da mota.

Ya kai ta wuri uku. Na farko ya leƙa ƙasa ya ce sil ɗin baya ne na karanshaf, wanda ke tsakanin inji da giya, sai an sauke giya. Na biyu ya ce ringi ne ya mutu, kada ma ya wahalar da kansa, ya nemo wani injin ɗan Beljiyam. Na uku ya ce ya koma zuba mai mai kauri, ya ƙara da maganin nan na gwangwani mai kamar zuma. Ban ga laifinsu sosai ba. Ƙasan motar a lokacin baƙi ƙirin yake tun daga gaba har salansa, mai da ƙura sun haɗu sun zama kamar kwaɓin kwalta. Duk wanda ya leƙa na minti ɗaya, inda ya ga ɗigo yana faɗowa nan zai nuna. Kuma a kusa da giya yake faɗowa.

Har an fara maganar karɓar kwasar adashen matarsa don a sauke giyar. Na ce, Yaya, ka ba ni ita wuni ɗaya kafin a taɓa kuɗin nan, ba abin da zan kwance, dubawa kawai zan yi. Ya yi dariya ya ce, Auta, wannan fa ba Tecno ba ce. Amma ya ba ni ranar Lahadi, da sharaɗin yana tsaye a wajen.

Abin da na fara so in sani shi ne, zubar da man take yi ko ƙona shi take yi? Hanyoyin da mai ke barin inji ba su da yawa. Ko ya fita waje ya zuba ƙasa, ko ya shiga inda wuta ke ci ya fita ta salansa, ko ya haɗu da ruwan lagireto. Injin da ke ƙona lita guda a tafiyar kilomita 340, hayaƙinsa ba ya ɓuya. Shuɗi-shuɗi ne, mai wari, na bayanka ma sai ya rufe gilashi. Muka tayar da ita da sanyin safiya, na tsaya a baya, Yaya ya taka. Babu hayaƙi. Muka ciro fulogai, bakinsu a bushe, launin ƙasa-ƙasa. Tun kafin a tayar na buɗe murfin lagireto, ruwan ba maiƙo a samansa. Man da ke jikin ƙarfen awo shi ma baƙi ne sak, bai koma kamar shayi mai madara ba, wanda shi ne alamar ruwa ya shiga mai. Sannan bayan motar, wajen but da bamba, duk ɗige-ɗigen mai ne da ƙura ta manne a kai. Iska ce ke kwaso shi daga ƙasa in ana gudu. Maganar sayen inji dai a nan ta mutu.

Sai kuma tambayar wane man ne. Kar ku raina wannan, don ba duk abin da ya ɗigo daga mota ne baƙin mai ba. Tun daren Asabar na sa ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, muka yi wa kwalin alama inda tayoyin gaba suke, don mu san daidai ina kowane ɗigo ya faɗa. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu. Man giya na mota mai otomatik ja ne, in ya tsufa ya koma ruwan ƙasa, kuma warinsa daban. A wannan motar irinsa ake zubawa a sitiyari, shi ya sa yoyon famfon sitiyari kan ruɗi mutane, tunda shi ma a gefen bel yake. Man birki fari-fari ne mai ɗan rawaya, yana cin fenti. In kuwa ruwa ne garau bayan an kunna AC, wannan ba ciwo ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba wanne ne yake raguwa a ma'ajinsa. Na giya da na sitiyari da na birki duk suna nan daram.

Amma kwalin ya gaya mana wani abu da ya fi launi muhimmanci. Dare guda cur, tabon da ke kai bai wuce tafin hannu ba. Motar da ke zubar da lita a wuni, ta kwana a tsaye ta ɗigar da abin da bai kai cokali uku ba. Wannan ya nuna ba daga inda mai yake kwance yake fita ba. In mota tana tsaye, kusan duk man yana taruwa a kaskon da ke ƙasan inji, wanda bakanikai ke ce wa som. Da kaskon ne ya tsage, ko notin juye ne bai kama ba, ko wasarsa ta lalace, to dare da rana zai yi ta ɗiga, ko an tayar ko ba a tayar ba. Namu kuwa sai inji yana aiki.

Bari in ɗan tsaya a nan, don wanda ya gane wannan ya gama rabin aikin. Da zarar ka tayar da inji, akwai famfo da ke zuƙo mai daga kaskon ƙasa ya tura shi ta filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi zuwa karanshaf da kamshaf. Da ƙarfi yake turawa, kuma ƙarfin yana ƙaruwa in ka taka. A wannan injin, in allura ta kai 3000, ƙarfin man yana tsakanin 36 da 71 a irin ma'aunin da mai faci yake auna iska da shi. Tayar mota 30 zuwa 32 ake sa mata. Ke nan man da ke cikin hanyoyin nan ya fi iskar tayarka matsi. To ka ɗauka akwai 'yar kafa kamar bakin allura a irin wannan wuri. A tsaye ba za ka ga komai ba, a silo ɗan ɗigo, a kan hanya kuwa da gudun ɗari tsartuwa zai riƙa yi na awa biyu da rabi ba tsayawa. Wuraren da mai ke ƙarƙashin wannan matsi kuma ake iya samun kafa zuwa waje 'yan kaɗan ne: bakin filta, ɗan suwic ɗin nan mai waya ɗaya da ke kunna fitilar mai a gaban direba, da jikin famfon kansa. Sauran, irin su murfin sama da kaskon ƙasa, fantsama kawai mai yake yi musu, shi ya sa yoyonsu yawanci gumi ne a hankali. Sil ɗin karanshaf na gaba da na baya su ma sai inji na juyawa suke zubarwa sosai, don haka har zuwa lokacin maganar bakanike na farko tana nan da ranta.

Tunda na ambaci fitilar mai, direbobi da yawa suna ɗauka yawan mai take aunawa. A'a, matsi take ji. Ranar da ta kama kana tafiya, ba cewa take yi ka ƙara mai in ka isa tasha ba, cewa take yi famfo ya fara zuƙar iska, ka sauka gefen titi ka kashe yanzu-yanzu.

In kuma yoyon naka ya fara ne washegarin da aka yi juye, kada ka je ko'ina, duba filta. Wani lokaci robar tsohuwar filta takan manne a jikin inji, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su haɗu. Irin wannan a 'yan mintuna yake iya kwashe man inji. Namu an yi juye da sati uku kafin abin ya tsananta, amma duk da haka na sa hannu na shafa.

Daga nan sai wanki. A wajenmu in aka kawo wayar da ta faɗa ruwa ko miya, ba ka fara awo sai ka wanke fanel da sifirit da burushi, in ba haka ba datti zai yi ta nuna maka ƙarya. Haka inji. Muka kai ta inda ake juye muka roƙi ramin, don ban yarda in shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba, ku ma kada ku yarda. Muka bari injin ya huce. Na ɗaure altaneta da koyil da leda, muka bi ko'ina da kananzir da tsohon burushin fenti, sannan omo da ruwa. Wasu da fetur suke wankewa don ya fi saurin cin maiƙo. Ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya tsaya a cikin rami da tururin fetur a kansa ba, ga batir a haɗe. Wankin nan shi ya ci rabin wunin. Awa biyu muna kankara, Yaya yana ta mita wai shi bai taɓa ganin likitan da ke fara yi wa marar lafiya wanka ba. Muka buɗe bonet muka bar rana ta busar.

Sai hoda. Masu gyaran waya sun san dabarar rozin: ka turara hayaƙinsa a kan fanel ya yi fari fat, ka ba shi wuta, duk abin da ya yi shot zai yi zafi ya narkar da farin da ke kansa, ya tona wa kansa asiri. Na sayo hodar jarirai 'yar ƙarama a shagon kusa, na bi duk inda ƙarfe biyu suka haɗu na busa. Gefen murfin sama, zagayen filta, ɗan suwic, leɓen kaskon ƙasa, notin juye, mahaɗar inji da giya, da ƙasan murfin roba da ke rufe taimin bel. Injin ya koma kamar wanda ya fito daga injin niƙa.

Ƙa'idar kallo ɗaya ce: mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya. Inda ɗigo ya faɗo ba shi ne inda ya fito ba. Kamar rufin ɗakin da ke yoyo ne, ruwa ya shiga ta ƙusa ɗaya, ya bi katako, ya sauko a kan gado a wancan ɓangaren. Wuri mafi tsawo da ya jiƙe shi ake nema.

Muka tayar, na shiga rami da tocila. Na cire agogo, na naɗe hannun riga, don bel mai juyawa ba ya tambaya. Minti goma a silo, babu abin kirki. Filta a bushe, suwic a bushe, noti a bushe. Mahaɗar inji da giya, inda aka ce nan ne ciwon, fari tas. Na ce Yaya ya taka ya riƙe allura a wajen 3000. Ba a yi minti biyu ba sai ga wani baƙin zare ya fito daga ƙasan murfin taimin bel, bayan babban fulin karanshaf, can ɓangaren dama wajen tayar mai zaman gaba. Ina kallo ya sauko kan leɓen kaskon, bai ɗiga a nan ba, ya kama leɓen ya bi shi a hankali zuwa hagu, sai da ya je dab da giya sannan ya taru ya faɗo. Na kira Yaya ya sauko ya gani da idonsa, yaron wajen ya riƙe masa totur. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, ikon Allah, ashe tafiya yake yi.

Mun san ɓangaren ke nan, saura wanne ne a ciki. A bayan murfin nan akwai masu laifi fiye da ɗaya. A sama akwai sil ɗin kamshaf. A ƙasa akwai sil ɗin gaba na karanshaf. A wannan injin kuma famfon mai yana nan a wajen, taimin bel ne ke juya shi da ɗan fulinsa, yana da nasa sil ɗin, yana kuma da wata siririyar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe tsakanin jikinsa da murfinsa. Kai, ko gaskit ɗin murfin sama in ya saki ta kusurwa, man yakan gangara ciki ya fito ta ƙasa.

A nan waya ta yi amfani. Ina da 'yar kyamarar nan mai doguwar igiya da fitilu a bakinta, kaurinta bai kai biro ba, wadda ake haɗawa da waya ta OTG. Wanda zai saya ya tabbatar wayarsa tana karɓar OTG, kuma wasu wayoyin sai ka shiga saiti ka kunna shi da kanka kafin su ga kyamarar. Ya duba kuma bakin ya dace da nasa wajen caji. Muka kashe inji, na zare makulli na sa a aljihuna, don kada wani ya tayar igiya tana ciki. Muka sassauta ƙananan notin murfin na sama, muka ɗan janye shi, na zura kyamarar ina ɗaukar bidiyo. Hoton irin waɗannan kyamarori ba wani kyau gare shi ba, kuma da bakin ya taɓa mai sai komai ya dushe, sai ka zaro ka goge. Sau huɗu na zura kafin in samu abin da nake so. Zagayen kamshaf a sama ƙura ce busasshiya. Da na gangara, daga daidai jikin famfo zuwa ƙasa komai sheƙi yake yi, sabon mai a kwance a kan notinansa, bel ɗin kansa ya jiƙe.

Wanda ba shi da kyamarar, tsohuwar waya ma tana yi a wurare da yawa. Kunna bidiyo da filasha, sa ta a farar leda, ɗaure ta da salatif a jikin sanda, ka zura bayan inji inda kai ba ya shiga. Akwai kuma wani ruwa da ake zubawa a cikin mai wanda ke ƙyalli in an haska shi da fitilar UV, irin wadda muke busar da gam da ita. In ka samu yana sauƙaƙa aiki, amma mu hoda ta ishe mu.

Kafin mu tashi na duba wani ɗan abu da ake yawan mantawa da shi. A kan murfin sama akwai ɗan bawul da tiyo a jikinsa, ana ce masa PCV. Kowane inji, musamman tsoho, yana da iskar da ke tsere wa fistin ta shiga cikin ɗakin mai. Aikin bawul ɗin shi ne ya fitar da ita zuwa inda za a ƙona ta. In ya toshe, iskar ba ta da hanya, sai ta yi ta tura sil-sil daga ciki, ka canja wannan yau gobe wancan ya saki. Gwajinsa ba wuya: zaro shi ka girgiza, in ka ji ƙarar ɗan ƙarfe a ciki yana motsi, da sauran ransa. Namu shiru, ya daskare da dattin mai. Kuɗinsa bai kai na lita ɗaya ta mai mai kyau ba.

Ranar Litinin muka je wajen wani dattijon bakanike da abokan Yaya na tasha suka yi masa kwatance. Bayan mun gaisa na ce, Baba, ga abin da muka gani, ko za ka duba mana. Na miƙa masa wayar. Ya sa tabarau, ya kalli bidiyon bai kai rabi ba ya miƙo min. Ya ce, taliya ce. Na ce, na'am Baba? Ya ce robar famfo, ai kamar taliya take, in ta shekara ashirin tana shan zafi dole ta bushe. Ya ce ya canja ta a irin wannan injin ba adadi. Sannan ya kalle ni ya ce, yaro, wa ya koya maka wanke inji kafin ka duba? Na ce a gyaran waya haka muke yi. Ya juya ya kalli yaransa bai ce komai ba.

Aikin ba ƙarami ba ne, amma bai kama ƙafar sauke giya ba. An cire tayar gaba ta dama, an tallafe inji an cire kujerarsa ta wannan gefen, an cire fanbel, an cire babban fuli, sannan murfin da taimin bel. Da aka buɗe famfon, robar ba ta fito a matsayin roba ba. Karyewa ta riƙa yi guntu-guntu a hannun yaron, ta yi tauri, ta baje ta daina cika ramin da aka yi mata. Wuri ɗaya ma a tsage take tun kafin a taɓa. Ba wani aibu ba ne na motar, shekaru ne. Roba da zafi ba sa shiri, mu ma muna gani a gam ɗin sikirin na wayar da ta daɗe.

Shawarar da Baba ya bayar, kuma na goyi baya, ita ce tunda an riga an buɗe wajen a canja duk sil ɗin da ke ciki: na famfo, na kamshaf, na karanshaf. Kuɗinsu kaɗan ne, kuɗin aikin isa gare su shi ne mai yawa, kuma duk sa'annin juna ne. Taimin bel ma dole ya tafi, don bel ɗin da ya sha mai yakan yi laushi haƙoransa su zube. Wannan injin yana da sauƙin kai ta nan, in bel ɗinsa ya tsinke mota mutuwa kawai take yi, fistin ba ya dukan bawul. Akwai injina da yawa, irin na Honda Accord na wancan zamanin, da in bel ya tsinke ana gudu sai bawul sun lanƙwashe, aiki ya koma na saman inji gaba ɗaya. Famfon ruwa shi ma bel ɗin nan ne ke juya shi, Baba ya so a canja. Yaya ya ce aljihu ya kai ƙarshe. Aka juya shi da hannu, ba ƙara, ba girgiɗi, aka bar shi. Da ni ne da na ranto na canja, amma ba ni ke biya ba.

Abu ɗaya da na lura da shi a hannun dattijon nan, bai cika gam ba. Na sha ganin inda ake lafta jan gam a kan komai har yana tsattsafowa ta gefe. Abin da ya tsattsafo waje, irinsa ya tsattsafo ciki. In ya gutsure ya faɗa cikin mai, rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta yake zuwa ya toshe, ka zo gyaran yoyo ka tafi da injin da ba ya samun mai. Shi ɗan mai ya shafa wa leɓen sababbin sil ɗin, ya zaunar da robar a raminta, ya ɗaure notin bi da bi.

Maganar mai mai kauri kuwa, ba na cewa ba ya rage ɗigo. Yana ragewa kaɗan, don mai kauri ba ya saurin bin ƙaramar kafa. Amma robar da ta tsage ba ta haɗewa, kuma da sanyin safiya mai kaurin yana daɗewa kafin ya kai saman inji. Kuɗin da Yaya ya kashe a ƙarin mai na sati uku ya fi kuɗin robar da sil ukun nan a haɗe.

Bayan an gama muka sake wanke gefen, don tsohon man da ya maƙale a lungu yakan yi kwana biyu yana ɗiga ya tayar wa mutum da hankali a banza. Muka sake shimfiɗa sabon kwali. Awon mai kuma na ce ya riƙa yi a wuri ɗaya kullum, inda ƙasa take a daidaice, bayan inji ya yi kamar minti biyar a kashe, ya goge ƙarfen ya mayar sannan ya karanta. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama kusan lita ɗaya ce, don haka da ido ma za ka iya ƙiyasta abin da ya tafi. Na ce ya riƙa ɗaukar hoton ƙarfen da waya yana turo min, saboda ido yakan ga abin da rai yake so.

Sawu shida ya yi a satin. Hoton ranar farko da na ranar shida, bambancin bai kai kaurin farce ba. Mahaɗar inji da giya har yau a bushe take. Akwai ɗan gumi da ya rage a kusurwar murfin sama ta baya, wanda hoda ta nuna tun ranar Lahadi amma ba shi ne mai zubar da lita ba. Murfin nan manyan noti huɗu ne masu lamba 30 ke riƙe da shi, a zagaye da ramukan fulogi, aikin rabin awa ne. Gaskit ɗin mun saya yana cikin but, sai ranar juye mai zuwa.